Sharhina kan bisoprolol, ƙwayar da ke rage wa zuciya gudu

Gaskiya bisoprolol magani ne na ƙwarai amma farkonsa ba daɗi ko kaɗan, kuma ina ganin a nan ne mutane da yawa suke ajiye shi su ce bai karɓe su ba. Ni an ɗora ni a kai ne bayan hoton zuciya ya nuna tawa ta yi rauni, jinin da take turawa a kowane bugu bai kai kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikinta ba, alhali na mai lafiya daga kashi 50 ne zuwa 70. Lokacin ga haki in na ɗan taka matakala, ga ƙafa ta kumbura har safa tana barin shaida, in dare ya yi sai na tara filo kafin numfashi ya daidaita.

Da likita ya ce zai ba ni abin da zai rage ƙarfin bugun zuciya sai da na sake tambaya, to zuciyar da dama ba ta da ƙarfi kuma a rage mata? Bayanin da ya yi min shi ya sa na daure, shi ya sa nake so in maimaita shi yadda na gane. Idan zuciya ta gaza, jiki yana ɗauka haɗari ne ya taso, sai jijiyoyi su dinga sakin wani sinadari da ake kira noradirenalin, ga ɗan'uwansa adirenalin kuma a cikin jini, irin dai wanda ke sa ƙirji dukan uku-uku in mutum ya tsorata. Su kuma suna sauka ne a kan wasu 'yan makarɓai da ke jikin tsokar zuciya da ake kira beta-1, suna ce mata ƙara gudu, ƙara matsa. Na ɗan lokaci taimako ne, amma in abin ya zama dare da rana ba hutu tamkar zuba wa gajiyayyen doki bulala ne, zai ɗan zabura amma ƙarasa shi ake yi. Tsokar tana lalacewa, zuciyar tana buɗewa tana ƙara girma, bugun yana iya rikicewa, har su makarɓan ma raguwa suke yi saboda yawan kiran da ake musu. Aikin bisoprolol shi ne ya tsaya a kan beta-1 ɗin ya tare saƙon, zuciya ta samu ta ɗan sarara.

Da miligiram 1.25 aka fara min sau ɗaya a rana da safe, ana ƙarawa a hankali, ana so a kai 10 in jiki ya ɗauka. Makonnin farko wallahi kasala ce kawai, jiki kamar ba nawa ba, tafin hannu da ƙafa sanyi ƙalau, in na miƙe da sauri jiri ya ɗebe ni sai na dafa bango. Kuma duk sanda aka ƙara adadin sai abin ya ɗan dawo kafin ya lafa. Akwai ma lokacin da kumburin ya so dawowa, likita bai tsayar da bisoprolol ɗin ba, maganin sa fitsari da nake sha dan rage ruwan jiki ya ɗan ƙara min na wani lokaci. Sai da aka kwashe watanni kafin na fara ganin amfanin da gaske, bugun da yake haura 100 ina zaune ya sauko 60 da 'yan kai, na koma filo ɗaya, hoton da aka sake ɗauka ya fi na baya kyau.

Abin da ya ƙara min natsuwa shi ne sanin cewa ba gwaji ake yi da mu ba. James Black, wanda ya ƙirƙiro propranolol, ɗaya daga cikin magungunan farko masu tare makarɓan beta irin bisoprolol, ya samu kyautar Nobel a 1988, amma shekara da shekaru likitoci suna tsoron ba masu raunin zuciya wannan jinsin magani saboda irin tambayar da na yi. Wasu likitoci a Suwidin ne suka fara gwadawa a 1975, sannan a 1999 babban binciken CIBIS-II ya nuna bisoprolol ya rage mace-mace da kusan kashi 34 cikin 100. Metoprolol mai narkewa a hankali da carvedilol, wasu magunguna biyu na wannan jinsin, su ma sun nuna kusan haka, sai dai carvedilol yana taɓa har makarɓan alfa na hanyoyin jini shi ya sa jirinsa ya kan fi yawa.

Abin da ban so ba, ƙwayar ƙarama ce sosai, in aka ce ka raba biyu sai ta marmashe maka a hannu, takardar cikin kwalin kuma rubutu ne ƙanana cunkus wanda mara lafiya ba zai iya zama ya karanta ba. Maganar cewa za ka fara jin kamar ka ƙara lalacewa kafin sauƙi ya zo ita ya kamata a fara gaya wa kowa baki da baki.

Mai asma ya faɗa wa likita tun farko, dan huhu yana da nasa makarɓan beta-2 kuma ko da bisoprolol ya fi karkata ga zuciya ba a cewa ba zai taɓa su ba. Mai ciwon suga ma ya kula, yana iya ɓoye faɗuwar gaban da ke nuna suga ya yi ƙasa. Dan Allah kuma kar a yanke shi rana ɗaya dan an ji sauƙi ko dan ya ƙare, zuciyar tana iya zabura ta fi da, haɗari ne babba. Ni kullum da safe ina hawa sikeli in duba bugu kafin in sha, in nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ko bugun ya faɗi ƙasa da 50 da jiri, likita nake kira a ranar.