Wata uku da ADXL335: maganar matatar sigina

A Panteka nake gyaran janareto, kuma na daɗe ina son abin da zai nuna mini girgizar inji da lamba, ba da tafin hannu ba. Shi ya sa na sayi ƙaramin allon ADXL335, na'urar auna motsi da girgiza, na haɗa shi da Arduino, wata ƙaramar kwamfuta da ke karanta abin da ya auna.

Ranar farko na manna shi a jikin wani janareto da ke rawa kamar mazari, amma lambar da ta fito ba ta kai yadda hannuna ke ji ba. Maigidana ya leƙo ya ce, "Kai, wannan abin naka barci yake yi?" Sai da na zauna da takardar bayaninsa na gane. A cikinsa akwai razista mai kilo-om 32, a kan allon kuma an sa kafasita 0.1 µF. Su biyun sun zama matata, wato abin da ke dushe girgiza mai sauri, mai yankewa a 50 Hz, girgiza sau 50 a daƙiƙa ke nan. To janareto mai juyi 3000 a minti, girgizarsa a 50 Hz ɗin take cif. A daidai wannan wuri matatar kan bar kusan kashi 70 cikin 100 ne kawai, abin da ke sama kuwa sai ƙara dushewa.

Na cire kafasitocin na sa 0.01 µF, iyakar ta koma wajen 500 Hz. Girgizar ta fito sarai, amma hayaniya ta biyo ta, don matata mai hawa ɗaya, wato razista da kafasita ɗaya irin wannan, a hankali take yanka.

Nan na ƙara matata mai hawa biyu, wadda ta fi yanka da sauri, na gwada iri biyu, Butterworth da Bessel. Butterworth ba ta taɓa girman sigina har sai an kusa iyaka, kuma ita na fi so ga injin da ke juyi ba tsayawa. Da na buga guduma a jikin firam, sai na ga layin siginar ya ɗan zarce kafin ya zauna. Bessel ba ta yi haka ba, siffar bugun ta fito kamar yadda take, sai dai tana fara rage girma tun da wuri. Iri na uku, Chebyshev, ban ɓata lokaci a kanta ba, tudu da gangaren da take sa wa sigina ba su dace da awo ba.

Na'urar ta biya kuɗinta. Iyakar abin da take aunawa 3g ce, wato ninki uku na ƙarfin jan ƙasa, saboda haka bugu mai ƙarfi yakan cika ta. Yanzu Butterworth ce a akwatina, da ita na gano wani boris da ya fara ci tun mai injin bai ji ƙara ba.