Fitilar gargaɗi mai sola: haske ya yi, batir ne matsalar

Ƙungiyar unguwarmu ta sayo fitilar gargaɗi mai aiki da hasken rana a wani shago a Gusau, aka kafa ta a kwanar da 'yan makaranta ke tsallaka titi. Ni aka ɗora wa kula da ita, wai tunda na yi aikin reluwe na san kan fitila.

Wajen haske ba ni da ta cewa. Ƙwayayen LED ne, suna ƙyaftawa da ruwan ɗorawa, ɗan acaba na hango su tun daga nesa ko hazo ya sauko. Magariba na yi take kunna kanta.

Mai shagon ya yi ta nanata mana cewa ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan. Rabin zancen gaskiya ne, in aka kwatanta ta da fitilun reluwe. A layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, ya isa Kaura Namoda a 1929, a da sigina, wato alamar da ke ba jirgi hanya, hannun ƙarfe ce da ake ja da waya daga tasha, da dare a kunna mata fitilar kananzir bayan gilashi ja da kore. Kowace litar kananzir idan ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.5 na iskar kabon. Jiragen birni na yanzu kuwa, irin Blue Line na Legas da ya fara ɗaukar fasinja a 2023, siginarsu kwamfuta ce da ba ta barci, dole a ba ta wuta dare da rana. Wannan tamu ba ruwanta da duk wannan.

Nata hayaƙin tun a masana'anta aka fitar da shi, wajen ƙera farantin sola da batir. To batirin dalma suka saka mata, a cikin akwatin ƙarfe mara ƙofar iska. Zafin Afrilu ya dafa shi har ya kumbura, ƙarfe biyun dare fitila ta mutu. Sauya batir duk shekara asarar kuɗi ce, kuma a Zamfara ba sai an gaya mana illar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010.

Farantin ma sai ana goge shi lokacin hunturu, in ba haka ba ƙura ta hana shi caji.

Mai son saye ya sa a buɗe akwatin a gabansa. In ba batirin litiyam ba ne a ciki, ya nemi ragi ko ya ƙara gaba.