Hekta goma sha biyu bayan Dakwaro, ko hekta biyu a gefen Caduwa?

Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, amma na jinkirta amsa har sai da na buɗe akwatin takarduna, domin cinikin nan biyu da ka jera duk na taɓa yin irinsu da kuɗin gumina. Da kuɗi ɗaya aka yi maka tayin hekta goma sha biyu na dajin da hauya ba ta taɓa shiga ba, can arewa da Dakwaro, da kuma hekta biyu na saura a wani ƙauye kusa da Caduwa, cikin ƙasar Agye. Ka sayi saurar Caduwa, ka ba dillalin arewa haƙuri.

A 2011 na sayi tawa gonar a ƙasar Agye, hekta biyu da rabi, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a kan babur idan mutum ya sauka daga kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram. Ranar da aka kai ni ganinta raina bai so ta ba ko kaɗan. Jigawa ce da ta gaji, rairayi fari fat kamar an wanke shi, garmani ya cinye gefenta na yamma, kuma babu abin da ke tsaye a ciki sai kututturan sabara da na kalgo waɗanda ake sarewa a ƙone kowace bazara. Damanar farko dami goma sha huɗu na ɗaure, har mai ɗakina ta ce da kuɗin nan hatsi na saya a kasuwa da mun fi cin riba.

Maƙwabcina na gabas, dattijo ne da ya haura saba'in a lokacin, shi ya hana ni ƙona kututturan. Ya durƙusa gaban wata sabara da 'yar wuƙarsa, ya zaɓi tsiro uku da suka fi miƙewa, ya share sauran, ya ce mini: “Ɗana, itacen yana nan a ƙasa da ransa, kai ne kake yanke masa kai duk shekara.” Wannan shi ne sassabin zamani, dabarar da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya soma yaɗawa tare da manoman Maraɗi daga 1983, wadda daga baya ta mayar da itatuwa a kan kusan hekta miliyan 5 tsakanin jiharmu da ta Damagaram. Ƙauyen Ɗan Saga, wanda baƙi ke zuwa gani daga ƙasashen waje saboda wannan aiki, yana cikin ƙasar Agye ɗin nan. Na bi maganar dattijon ba don na gamsu ba, sai don kunyar furfurarsa. Yanzu a gonar akwai gawo tara da suka fi ƙarfin a hau su ba tsani, ga magarya da aduwa. Gawo kuwa, ka sani, da damana yake zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma a gindinsa zangarniya ta fi ko'ina tsawo. Kowace kaka ina yin yarjejeniya da wani Bafillace ya kwana da garkensa a gonar mako biyu ko uku, in biya shi da tiyoyin hatsi, shi ya bar mini taki. A shekarar da ruwa ya yi kirki ina ɗaure dami saba'in da wani abu, ban da waken da ake ratsawa tsakanin kunya, ban da harawar da nake sayarwa masu kiwon raguna idan Layya ta matso.

Duk wannan ya yiwu ne domin ƙafata tana zuwa wurin. Ina iya barin Maraɗi bayan sallar asuba ranar Asabar, in duba noman farko, in sha fura da mai gari, in dawo gida kafin la'asar. Akwai amalanken da zai kai mini taki, akwai samarin da za su yi mini ƙwadago, akwai maƙwabta huɗu da suka san iyakata kamar yadda suka san tasu. Gonar da mai ita ba ya takawa, ta mai gadi ce da awakin gari.

Na arewa kuma, gaskiya ba na son tuna shi. A 2016 wani dillali ya kai ni cikin watan takwas, daji ya yi kore shar, ciyawa har gwiwa, na yi wa rogo kallon kitse na biya a cikin mako guda. Da na koma a watan huɗu sai na tarar da fako da iska mai ɗauke da rairayi, ga kashin raƙuma da sawun shanu sun ratsa tsakiyar abin da nake kira gonata. Rijiyar da ta fi kusa, igiyar gugarta a jikin raƙumi ake ɗaura ta, yaro ya kora shi ya yi tafiya mai nisa kafin guga ta leƙo baki. A nan na gane cewa kuɗin haƙa rijiya a wurin ya ninka kuɗin filin sau da yawa. Shekara biyu na shuka, shekara biyu ban mayar da iri ba, na bar shi. A garin Maraɗi muna samun ruwan sama wajen milimita 500 a shekara, amma kana yin arewa yana raguwa, kuma a can tsayawar ruwa ta kwana ashirin bayan shuka ba abin mamaki ba ce ga kowa.

Ko ruwan ma ba shi ne babbar matsalar ba. Akwai doka tun ta 26 ga Mayu 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar, kuma a jiharmu kwarin Tarka ne mutane suka sani a matsayin wannan iyaka. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da ita. Abin da ke arewa da layin yankin makiyaya ne, yana hannun gwamnati, ba wanda ke da ikon mallake shi shi kaɗai, balle ya sayar maka. Idan ka yi shuka a can dabbobi suka cinye, ba ka da hurumin neman diyyar ɓarna. Ko a kudu da layin, filin da ka ga ba a taɓa nomawa ba a ƙasar da gonaki suka yi ƙaranci haka, to ka tambayi dalili, domin sau da yawa burtali ne, ko wurin kiwo, ko mashaya. Mu da muka girma a nan ba mu manta da Toda ba, a ƙasar Gidan Runji, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari a 1991. Ba na fatan ɗan'uwana ya je ya kafa turaku a kan hanyar shanu da sunan ya samu araha. Sannan kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya ba hukumar filaye damar damƙa amfanin gona ga wani idan mai ita ya bar ta shekara uku a jere ba aiki ba kuma dalili. Hekta goma sha biyu, a nisan da ya wuce kilomita 120 daga gidanka, da wane hannu za ka raya su?

In za a yi wa arewa adalci, ƙasar kiwo ce mai kyau, kuma wanda ke da garke da dangi a can, yana cin kasuwar Dakwaro da ta Sakabal, ya san abin da yake samu. Kai ba ka da ko tunkiya.

Saurar Caduwa ma tana da nata aibu, kada ka ce ban faɗa maka ba. Ƙasar ta gaji, kuma shekara uku na farko za ka zuba mata fiye da abin da za ta ba ka. Ka tambaya ko an jima ana shuka aya a ciki, domin yankin nan na masu aya ne, kuma yadda ake girbinta, a ƙone ganye a tone ƙasa a tankaɗe, yana barin gona tsirara gaban iska. Ka duba ƙuduji tun da damana, lokacin da furensa ke tona asirinsa, domin da rani mai gona ba zai nuna maka ba. Mutane sun yi yawa a wurin, saboda haka cin iyaka abu ne na kullum: kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi. Maganinsa shi ne ka dasa gamba ko aguwa a kan iyaka tun shekarar farko, a gaban maƙwabta. Itatuwan da ka raya kuma za a yi maka sara da dare, sai ka haɗa kai da mutanen gari.

Ba ka tambaye ni zancen dillalai ba, amma dole in yi shi. Wanda ya sayar mini da filin arewa ya zo da takarda mai hatimi, da shaidu biyu masu rawani, daga baya na gano cewa ɗaya ƙanensa ne, ɗayan kuma ba ma ɗan garin ba ne. Dabarunsu ba su da yawa, amma kullum suna kama mutane. Za a kai ka da damana idan filin na tudu ne, a kai ka da rani idan na kwari ne mai cin ruwa. Za a tsaya da kai a kan tudu a miƙa hannu a ce daga wancan gawo zuwa waccan aduwa, alhali rabin abin da aka nuna na wani ne. Za a ce maka wani Alhaji daga Katsina ya riga ya taya, gobe zai kawo kuɗi. Wanda ya fi muni shi ne gonar gado da ba a raba ba: ɗa ɗaya ya sayar, ka yi shekara biyar kana zuba taki, sai wanda ya tafi ci-rani Libiya ya dawo, ko 'yan'uwa mata da aka danne wa rabo su kai ƙara, kuma gaskiya tana wajensu. Akwai kuma gonar da ke hannun mutum a kan jingina ko aro, ya daɗe yana nomawa har yara suna ɗauka tasa ce. Ba a cinikin biri a sama. Duk wanda ya hana ka ganin mai gari, ko ya ce a gama magana a Maraɗi cikin shago, ka rufe aljihunka ka tashi.

Ga yadda na yi da gonata ta Agye, bayan na sha wuya na koyi hankali na koma na gyara takardunta. Na tara mai sayarwa da dukan magada, maza da mata, da maƙwabtan gona na kusurwa huɗu, muka taka iyaka da ƙafa tun daga farko har muka dawo inda muka soma. Hukumar filaye ta gari, wadda ake kira Kofob kuma mai gari ke shugabanta, ita ta rubuta takardar shaidar saye, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Daga nan na kai ta Kofokom, hukumar filaye ta ƙaramar hukuma, a ma'aikatar magajin gari aka shigar da ita rajista, aka turo mai awo da na'ura ya fitar da taswira. Hekta uku da aka ce mini tun farko, da aka auna sai ta koma biyu da rabi. Idan kana son takarda mai ƙarfi fiye da wannan, sai ka wuce Kofodep, hukumar filaye ta dukan ƙasar Agye, a garin Agye. A can ne kuma za su iya gaya maka ko filin ya taɓa burtali ko hurumin gari. Kada ka ba da ko dala kafin ranar da za a sa hannu, kuma ka biya a gaban shaidun, ba a bayan ɗaki ba.

Wata shawara da ba ta cikin takarda: kafin ranar ciniki ka je ƙauyen kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka zauna a bakin rijiya ko a rumfar mai shayi, ka tambayi gonar wane ce wannan da kuma dalilin da ya sa aka bar ta saura. A cikin awa ɗaya za ka ji tarihinta tun daga kakan mai sayarwa, har da wanda ke jin haushin cinikin.

Idan kuɗinka sun yi saura bayan saye da takardu, kada ka ƙara fili. Ka sayi amalanke da sa ɗaya ka ajiye wajen wanda zai kula maka da gonar, ka soma kai taki tun watan biyu, kafin ruwan farko. Ranar da za ku taka iyaka ka sanar da ni tun da dare, in Allah ya kai mu zan zo da babur mu tafi tare, daga can in ratsa in duba gawona.