Jak mai daidaita tirelar zango da kansa: inda ya biya kuɗinsa da inda yake ba da kunya

Tirelar zango, wato ɗakin kwana mai taya da ake ja da mota, ba ta zaunuwa sai an daidaita ta a lebur. Batun ya wuce jin daɗin kwanciya. Firjin da ke aiki da gas, wanda ake samu a tireloli da yawa, ruwan amoniya ne ke gangarowa a bututunsa da nauyin kansa. In ya daɗe yana aiki a karkace, ruwan ya taru wuri ɗaya, tukunyar ta yi zafi fiye da kima, bututun ya toshe, kuma toshewar ba ta gyaruwa. Kamfanin Norcold ya sa wa firjinsa iyakar digiri 3 daga gefe zuwa gefe da digiri 6 daga gaba zuwa baya. Ga ƙofa da ke ƙin rufuwa, ga ruwan wanka da ke kwanciya nesa da magudana, ga sashen ɗaki da ake zamarwa waje don ƙara fili yana cije layinsa. Digiri 1 kacal a tirela mai tsawon mita 8 ya kai bambancin santimita 14 tsakanin kai da gindi.

Na'urorin da ake sayarwa don wannan aiki duk ginin ɗaya ne: ƙafafun jak huɗu zuwa shida a jikin firam, wato ƙarfen ƙasa da aka gina tirelar a kai, ma'aunin karkata, ƙwaƙwalwa mai karɓar awon tana ba kowace ƙafa umarni, sai allon maɓallai. Wadda aka fi gani a Amurka ita ce ta kamfanin Lippert da ke Elkhart a jihar Indiyana. Samfurinsa Ground Control TT an yi ta ne don tirelar da ake maƙalawa a ƙwallon bayan mota, tana da ƙafa huɗu da jak na wuya, wato ƙarfen gaba da ake maƙalawa a mota, biyar ke nan, duk na lantarki, kuma iyakarta tirela mai nauyin fam 10,000 da kayanta, kimanin kilo 4,500. Manyan tirelolin da ake ɗora wuyansu a bayan a-kori-kura su ne ke da Ground Control 3.0 ta lantarki ko Level Up mai aiki da matsin mai. Akwai kuma na wasu kamfanoni: akwai BAL, akwai Bigfoot mai tsarin da kowace ƙafa ke da famfonta. A Turai kuma E&P na ƙasar Holan yana sa ƙafa biyu a kan aksul, huɗu a kusurwoyi.

In komai lafiya, aikin yana da ban sha'awa. A sa waigi a tayoyi ta gaba da ta baya, a ɗaga wuya da jak har ya saki ƙwallon, a janye mota gaba ta fita sarai, sannan a danna maɓalli ɗaya. Na'urar ta fara daidaita gaba da baya, ta sauke ƙafafun su taɓa ƙasa, ta gyara hagu da dama, ta bi kowace ƙafa ta tabbatar tana ɗauke da nauyi. 'Yan mintoci ne. Abin da ya fi burgewa ma shi ne tana riƙe tsayin da aka cire mota a kai, ranar tashi ta mayar da wuyan daidai wurin. Amma a na Lippert sharaɗi ne a fara daidaitawar wuya na sama da lebur. In an fara yana ƙasa, ba za ta riƙe tsayin ba, kuma masu tirela da yawa suna ɗauka lalacewa ta yi. Muddin tana aiki, kowa ya fita daga ciki. Ma'aunin yana jin taku, yaro ɗaya ya ruga daga gado zuwa ƙofa sai ta soke aikin.

Inda talla ke yin shiru shi ne iyakar tsawon ƙafa. Kowace ƙafa tana da inda take ƙarewa, kuma a fili mai gangara ta ɓangaren kwari kan ƙure kafin a kai lebur, allon ya nuna kuskure. Wani lokacin kuma ta kai, amma sai da tayoyin gefe ɗaya suka bar ƙasa, wannan ya fi muni. Birkin lantarki na tirela ba ya riƙe ta in an cire ta daga mota, waigi ne ke riƙe ta, waigi kuwa ba shi da amfani a gaban tayar da ke lilo a iska. Ƙafar jak don nauyin da ke danno ta daga sama aka yi ta. In tirela ta zame ta tura ta ta gefe, lanƙwashewa take yi. Saboda haka katako bai yi ritaya ba. In karkatar gefe ta yi yawa, a hau da tayoyin ɓangaren kwari kan katako tun mota na maƙale, a bar wa na'urar ƙarashe. A faɗin mita 2.4, digiri 3 ya kusa santimita 13, to ka ga yawan abin da ake nema daga ƙafa ɗaya. A ƙarƙashin ƙafafun ma ana son katako. Ƙafa mai tafin santimita 15 sau 15 da ke ɗauke da kilo 900 tana danna ƙasa da kilo 4 a kowane murabba'in santimita. A sa mata katako mai 30 sau 30, ya sauko zuwa kilo 1. Shi ya sa tirelar da aka daidaita da yamma a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar ciyawa take wayar gari a karkace, alhali na'urar ba ta yi laifin komai ba. Gajeriyar ƙafa kuma ta fi doguwa hana girgiza. Wurin da ba a yarda a wuce gona da iri ba: kada a shiga ƙarƙashin tirela ko a canza taya da waɗannan ƙafafu kaɗai.

Mafi yawan abin da ake kira lalacewa, batir ne. Injinan lantarkin da ke motsa ƙafafun, wato moto, suna zuƙar wuta sosai a lokacin da suka fara ɗaukar nauyi, kuma cajar da ke cikin tirela ba ta iya ba da wannan ita kaɗai, ko da an jona ta da wutar sansani. Cikakken batirin ruwa yana nuna volt 12.6 yana hutawa. Wanda ya tsufa zai iya nuna 12.3, da an danna maɓalli ya faɗi warwas, ƙwaƙwalwar ta tsaya a tsakiyar aiki. Don haka a auna shi ƙafafu na motsi, ba a zaune ba. In batirin lafiya lau ne, a bi kan batir da ya yi gishiri, da wayar da aka ɗaure a jikin firam wadda tsatsa ke ci ta ƙarƙashin noti, da abin yanke wuta da ke kusa da batir.

Na biyu shi ne abin da na'urar ta ɗauka lebur ne. Ba ta san lebur ba, abin da aka nuna mata ta haddace, tamkar sikelin da aka saita da kwano a kai. In allo ya ce an gama amma ƙofa na buɗe kanta, ma'aunin ne ya goce, ko notinsa ya kwance, ko tun farko a karkace aka saita shi. Gyaran ba ya buƙatar makaniki. A sa na'urar a aikin hannu, a ɗora ma'aunin lebur na magina a tsakiyar daɓen ciki, a daidaita ta tsawo da ta faɗi, sannan a danna jerin maɓallan da littafin na'urar ya nuna don ta riƙe wannan matsayi. A daɓe za a auna, ba a kan teburin girki ba, domin teburin kansa ba lalle ne ya miƙe da firam ba.

Ƙafafun lantarki suna da wata matsala tasu. Ƙwaƙwalwa ƙirga juyin moto take yi ta san tsawon da ƙafa ta fita. In wuta ta yanke ana cikin aiki, ko an juya ƙafar da hannu, lissafin ya rikice, sai ta kulle. A Ground Control 3.0 maganin shi ne a sauke kowace ƙafa aƙalla inci 6, wato santimita 15, sannan a danne maɓallin janyewa har dukansu su koma sama, ta fara ƙirga daga farko. A yi wannan tirela na maƙale da mota. Kowace ƙafa kuma tana da kan noti da ake juyawa in moto ya mutu; a nemo inda yake da girman soket ɗinsa tun ana gida.

Na mai sun fi ƙarfi da sauri, babu gardama, kuma su suka dace da manyan tireloli. Kuɗin wannan ƙarfi shi ne tiyo da ke iya gogar firam ya huje, da roba mai yoyo, da ƙafar da ke saki a hankali cikin dare. Man giyar mota mai canza kanta ake zuba musu, kuma ana duba shi ne ƙafafu duk suna sama. Wanda ya cika tanki ƙafafu na ƙasa, mai zai yi ambaliya da sun koma. In za a daɗe a zaune, a fesa wa sandar da ke waje man silikon, musamman kusa da teku.

Wanda zai sa wa tirelar da ba ta zo da ita ba, firam zai fara dubawa. Ƙananan ƙafafun kusurwa da ke zuwa da tirela na hana girgiza ne kawai, kuma firam mara kauri da aka yi don su zai iya murɗewa in an ɗaga shi ta kusurwa ɗaya, alamar ita ce ƙofa ta fara cijewa bayan an daidaita. Nauyin na'urar daga kason kayanka yake fita. Ƙafafun baya kuma in an ɗaura su can nesa da aksul, su ne farkon abin da ke karce ƙasa a hawa ko gangara.

Mai babbar tirela da ke sauya masauki kowane kwana biyu, ko mai ciwon baya da gwiwa, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Mai ƙaramar tirela da ke kafa ta wuri ɗaya ya yi wata guda, zai ɗauki nauyi da wayoyin da bai buƙata. Gara ya nemi irin LevelMatePRO, ƙaramin akwati da ake mannawa a bango, yana nuna wa direba a wayarsa yawan incin da kowane gefe ke nema tun yana kan sitiyari, sai ya haɗa da katakon hawa mai lanƙwasa da jak na lantarki a wuya.