Na je Kurmi neman murjani saboda Murjanatu

Yayata ta haihu sati uku da suka wuce, mace, ranar suna aka raɗa mata Murjanatu sunan kakarmu ta wajen uwa, to ni a matsayina na ƙanwar uwa sai na ce ba zan kai atamfa da sabulu kamar kowa ba, abin da ya dace da sunan zan nemo. Wata ƙawata ta kwatanta min shagon wani dattijo mai duwatsun ado can cikin kasuwar Kurmi, na hau adaidaita har bakin Jakara na ƙarasa da ƙafa. Shagon ɗan ƙarami ne, ba allo ba suna, sai da na tambayi mutum uku.

Ina cewa murjani nake so sai ya ce "ƴata na gaske ko na kwalliya?" ya zubo kala uku a faifai. Ɗaya roba ce zalla ba nauyi, ɗaya farin abu ne aka rina shi ja, shi da kansa ya goga da jiƙaƙƙen tsumma na ga launin ya fita, na ukun ne na ainihi, sanyi a hannu, ga nauyi, jan nasa ba mai ƙyalli ba ne kuma in kin ƙura ido za ki ga ƴan siraran layuka a jiki. Wallahi a nan ya saye ni, don da ya miƙo min rinannen da kuɗin na gaske zan karɓa in yi godiya.

Ashe ma murjani ba dutsen ƙasa ba ne da ake haƙowa irin yaƙutu ko zumurrudu, daga teku ake ciro shi, wasu ƴan ƙananan halittu ne ke gina shi kamar reshen bishiya, kuma jan mai daraja daga Bahar Rum yake fitowa, akwai wani gari a Italiya Torre del Greco da sana'arsu ke nan tun da daɗewa. Baba mai shagon ya ce da can fataken Larabawa ne ke ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus, kuma ba abin mamaki ba ne tunda Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, ƙarni na 15. Shi ne irin wanda sarakunan Bini ke jibgawa a wuya.

Sunan kuwa daga Larabci ne, marjan, mu muka mai da shi Murjanatu, a gida a ce Murja. Sau biyu ya zo a Suratur Rahman, aya ta 22 tare da lu'ulu'u a matsayin abin da ke fitowa daga teku, sai aya ta 58 inda aka kamanta matan Aljanna da yaƙutu da murjani. Masu tafsiri wasu sun ce ƙananan lu'ulu'u ake nufi wasu suka ce jan ne da muka sani. Ni dai ya ɓata min rai yadda wasu a gidan sunan ke taɓe baki wai sunan tsofaffi ne, gara Jawahir ko Fairuza, alhali duk gida ɗaya ne, Jawahir duwatsu masu daraja ke nan, Fairuza kuma shuɗin dutsen nan na Farisa.

To sai inda ban ji daɗi ba. Ciniki kam baba ba ya ragi, na yi tayi har sau uku yana cewa albarka, ƙarshe ɗan abin da ya sauke ko kuɗin adaidaita bai kai ba. Ya ce in dawo bayan kwana biyu a shirya min a zare, sai da na yi zuwa uku, sannan zaren da yaronsa ya sa siriri ne sosai, ina gwadawa a gida ya tsinke na dinga tsintar tsakiya a ƙarƙashin gado. Na mayar ya canza da mai ƙwari bai karɓi ko sisi ba, har da ban haƙuri. Ba POS kuma, transfa ma sai ta wayar maƙwabcinsa, ku tafi da kuɗi a hannu.

Na kai wa mai jego na ce Yaya ki adana a akwati sai ta yi wayo, kar a sa wa jaririya yanzu ta kai baki. Inna tana gani ta ɗauka tana juyawa ta ce sak irin na mahaifiyarta da aka sayar shekarar fari.