Haɗaɗɗen shirin likitanci ko doguwar hanya, ga yarinyar da ba ta taɓa aiki a asibiti ba?

Hajiya, kin ce 'yarki tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Amurka, makinta ya yi kyau, likitanci take so, amma ba ta taɓa aikin sa-kai a asibiti ba, ba ta kuma taɓa bin likita tana kallon aikinsa ba. Kina tambaya: ta nemi shirin da ke haɗa digirin farko da na likita, ko ta bi hanyar da kowa ke bi?

A gida ba a wannan tambaya. Yaro ya ci JAMB, ya samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero, shekara 6 ya fito da MBBS, ba wanda ya bincika ko ya taɓa leƙa ɗakin marasa lafiya. Nan kuwa tsarin daban ne.

A haɗaɗɗen shiri, tun tana 'yar shekara 17 ko 18 ake yi mata alƙawarin kujera a makarantar likita, muddin makinta bai faɗi ba. Na Jami'ar Brown shekara 8 ne kuma ba sai ta zauna MCAT ba, wato jarrabawar neman shiga makarantar likita. Na Jami'ar Missouri da ke Kansas City shekara 6 ne, ɗalibai na fara ganin marasa lafiya tun shekarar farko. Kwanciyar hankali ce babba, sai dai ƙofar ƙunci gare ta: Brown ba ta ɗaukar ko mutum 100 a shekara, masu nema kuwa dubbai ne, kusan kowa da maki mai kyau. To da me za a bambance su? Da amsar tambaya ɗaya, a rubuce da kuma wajen ganawa: ta yaya kika san wannan aikin kike so? Yarinyar da ba ta taɓa tsayawa a gefen gadon majinyaci ba, a nan take rasa abin faɗa. Ki kuma duba takardunta, don da yawa daga cikin shirye-shiryen nan sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin.

Doguwar hanya kuwa, digiri na shekara 4, sai MCAT, sai neman makarantar likita, sannan wata shekara 4. Ba tabbas a cikinta, ga wahalar jarrabawa. Amma abin da 'yarki ta rasa yanzu, wato lokaci, shi wannan hanya ke bayarwa. Da ta cika 18, ayyukan da yawanci ake hana ƙananan yara sun buɗe mata: mataimakiyar nas, aikin motar ɗaukar marasa lafiya, rubuta bayanai wa likita a ɗakin gaggawa. Akasarin likitocin ƙasar nan ta nan suka bi. Akwai ma tsaka-tsaki, irin shirin FlexMed na makarantar likita ta Mount Sinai a New York, da ake nema a shekara ta biyu ta jami'a, ba tare da MCAT ba.

Kafin ki ce ba ta da komai, ki tuna da cikin gida. Idan ita ke raka kakarta wankin ƙoda, ita ke tsira mata allura a yatsa don auna sukari, ita ke zama tsakaninta da likita tana mayar da Turanci Hausa, wannan jinya ce ta gaske. Mu ba ma lissafa ta don mun ɗauke ta wajibi. Ta rubuta ta yadda take, ba ƙari.

Ni a ganina, ta ɗauki doguwar hanya a matsayin ginshiƙi, ta gwada haɗaɗɗen shiri a wuri ɗaya ko biyu da ke duba mutum don digirin farko ko da bai samu shirin ba, kamar Brown. Wa'adin yawancinsu tsakanin farkon Nuwamba ne da farkon Janairu, don haka tun wannan makon ta kira ofishin masu sa-kai na asibitin da ke kusa da ku, ta kuma roƙi likitan iyalinku ya bar ta ta zauna da shi ko na yini biyu ne.