Ɗakin gungume na 'yan firamare a Amurka: kayan kanti da karan dawa

'Yan uwa na gida, musamman malaman firamare, ga wani aikin hannu da ake ba yara a nan Amurka idan watan Fabrairu ya kama. Litinin ta uku a watan ita ce ranar tunawa da shugabannin ƙasa, kuma darasin yakan faɗa kan Abraham Lincoln, wanda aka haifa ranar 12 ga Fabrairu, 1809, a ɗaki guda na gumagumai a jihar Kentucky. Irin wannan gini, mutanen Suwidin da Finlan da suka sauka bakin kogin Delaware tun 1638 ne suka zo da shi. Sai a ce kowane yaro ya gina ɗan ƙaraminsa.

Komai na aikin saye ake yi. A kantuna irin su Michaels, Walmart da Dollar Tree akwai tsinken askirim a ƙulle, ɗari-ɗari ko dubu a kwali, kowanne tsawonsa santimita 11 da ɗoriya, faɗinsa kusan santimita 1, babu wanda ya fi wani. Ƙaramin ƙulli dala ɗaya ne da 'yan kai. Gam fari na Elmer's ba ya cutarwa, kuma yana fita daga riga da ruwa. A wannan fanni sun yi mana nisa.

Yawanci ana ɗaukar kwalin madarar da ake ba yara a makaranta, a wanke, a shanya. Jikinsa na da santsi, gam ba ya kama shi, don haka dole a fara naɗe shi da takarda kafin a manna masa tsinken. Kowane bango na cin tsinke kamar 7, rufi kuma 14 ko fiye. Tsinken ya fi bangon tsawo, kuma almakashi tsaga shi yake yi, sai babba ya yanke da wuƙa. Idan yaro ya lafta gam, tsinken zamewa yake yi; ɗigo kaɗan ya isa, a bar bango ɗaya ya yi rabin awa kafin a juya, a bar ɗakin ya kwana. Wasu na yi da biskit mai siffar sanda da markaɗaɗɗiyar gyaɗa a madadin gam, amma makarantu da dama sun hana gyaɗa, saboda akwai yaran da take tayar wa ciwo mai tsanani.

Sai dai a ganina wannan ado ne kawai. Sirrin ɗakin gungume yana kusurwa: ana sassaƙa gurbi a kowane gungume ya hau kan ɗan uwansa, ginin ya tsaya ba ƙusa. Tsinke faifai da aka manna a kwali ba ya nuna wa yaro haka. Karan dawarmu, wanda yara ke motar kara da shi, yana nunawa, kuma kyauta ne.

A zaɓi busasshen kara mai kaurin yatsa, domin ɗanye yana motsewa ya bar giɓi. A yanka 12 masu santimita 15, da 12 masu santimita 12. A bar yatsa ɗaya daga kowane baki, malami ya fafe gurbi da reza har rabin kaurin. Gurbin ya kalli ƙasa. Haka maginan asali ke yi don kada ruwa ya kwanta ciki ya ruɓar da icen. A shimfiɗa dogaye biyu, a ɗora gajeru biyu, a ci gaba har hawa shida. Kara gindinsa ya fi kansa kauri, to a riƙa juya shi, wannan hawa gindi dama, na gaba gindi hagu, in ba haka ba bango zai karkace. Ƙofa kuwa sai an gama ake yanke ta, a manna tsinke a gefe biyu da ƙaro don ya riƙe bakunan.

Giɓin da ke tsakanin kara a cike shi da laka da aka kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, kamar yadda maginan asali ma suke toshe nasu da laka. A kwaɓa ta da tauri. Mai ruwa-ruwa jiƙa totuwa take yi, kuma tana tsagewa in ta bushe. A shanya a inuwa. Ɓawon kara yana yanka hannu, don haka ƙananan yara su tsaya ga jeri da yaɓe, reza ta zauna hannun malami.